Yaya Hansai da Ragon Garba

Bana shekara ashirin da uku ke nan da muka kai Yaya Hansai makwancinta. Ni ƙaninta ne, mu biyu Inna ta haifa, yau kuma ni kaɗai na rage. Na sha cewa zan rubuta wani abu a kanta, sai in tsaya in ce to me za a faɗa wa masu karatun jarida game da matar da ba ta taɓa riƙe muƙami ba, ba ta taɓa barin Kano ba sai zuwa Hajji? Sana'arta kiwon tumaki a cikin gida, a Gwammaja. Ni kuwa tela ne, na ƙare ƙarfina a kan keke a Ƙofar Mazugal, rubutu ba aikina ba ne. Amma tsufa ya zo, na ga idan ban faɗa ba, ba wanda zai faɗa.

Kwanan baya wani maƙwabcina ya miƙo mini waya in ga ragon da ya saya. Tabɗi! Ai wannan ɗan maraƙi ne aka sa wa ƙaho. Yana ta ba ni labarin tsayinsa da nauyinsa da irin abincin da ake haɗa masa. Na yaba, don abin a yaba ne. Amma da Yaya Hansai ce aka nuna wa, na san ba za ta ko ƙara kallon hoton ba. Tambaya ɗaya za ta yi: uwarsa 'ya'ya nawa take haifa a ciki guda, kuma tana raya su? Idan ka ce ba ka sani ba, sai ta ce to nama ka saya, ba rago ba.

Tumakinta 'yan ƙasa ne, irin fararen nan masu baƙi a ido da baki da kunne. Ba su kai Balami girma ba, ba su da tsayin Uda, amma suna jure yunwa da ciwo, kuma abin da aka samu shi suke ci: dusa, harawa, ƙasari, ɗan guntun kanwa. Asalinsu wata tunkiya ce da Inna ta ba ta lokacin aurenta, mai yawan haihuwar tagwaye. Daga wannan tunkiya Yaya ta fara zaɓe. 'Yar da aka haifa tagwai, ta kuma yi saurin girma, ita take ajiyewa. Wadda ta zo tilo ko ta tsumbure, sai kasuwa. Ba ta barin uba ya bi 'yarsa, ta ce jini idan ya juya a wuri ɗaya lalacewa yake yi. Ta daɗe tana wannan tankaɗe da rairaya kafin unguwa ta lura cewa a gidan Hansai tagwaye sun fi tilo yawa.

Mu Kanawa muna da wata ɗabi'a da ta sha yin faɗa a kanta. Da zarar ɗan rago ya nuna alamar girma, sai a kama shi a ɗaure a turke, a yi ta ɗura masa abinci don Layya. Ba ya fita, ba ya ganin tunkiya har wuƙa ta hau wuyansa. Waɗanda ake saki da safe su bi makiyayi ta Mazugal su ne ƙanana, tsumburarru, waɗanda ba wanda ya ga sun isa a ɗaure. To su ne kuma suke barbarar tumakin unguwa. Kowace shekara mu yanka na kirki mu bar na banza ya haifa mana na baɗi, sannan mu zauna a bakin masallaci muna cewa tumakin yanzu ba su da albarka. Yaya takan ce manomi ma bai yi wannan wautar ba, shi zangarniyar da ta fi kyau yake ɗagawa ya rataye don iri.

Mijinta Garba ne, mutumin Ƙofar Dawanau, mai fara'a, mai son tsokana. Wata shekara tunkiyarta mafi kyau ta haifi tagwaye, namijin ya fito da faɗin ƙirji da ƙafa miƙaƙƙiya. Garba ya ƙyalla ido ya ce ya ga ragon Layyarsa. Kun san gidan Bahaushe, dabbar mace tata ce, miji ba ya taɓawa sai ya saya. A gabana aka yi cinikin, a tsakar gida, ana dariya, ya biya ta. Da Sallah ta zo ya ɗauko wuƙa, Yaya ta tsaya a bakin turke ta ce ai ba a yanka iri, ya je kasuwa ya nemi wani. Ya ce, "Ikon Allah, rago nawa, da kuɗina?" Ta ce, "Naka ne, ni dai ajiya nake maka." Haka aka yi Sallah ta gaba ma. Labari ya bazu, har yara suka san shi da ragon Garba. Idan ana tsokanar mutum a kan abin da ya mallaka amma bai isa ya taɓa ba, sai a ce masa ragon Garba ke nan.

Kuma ba ta ba da aron ragon nan. Mata sun sha aiko yara da tunkiya a igiya, ta ce a mayar. Ta ce ba za ta bari a gajiyar da shi ba, ko ya kwaso ciwo a garken da ba ta sani ba. An kira ta marowaciya a kan haka, ba ta damu ba. Ni ma na faɗa mata, ta ce in tsaya a kan zare da allura.

Sai yaƙin basasa ya tashi. Wanda bai ga lokacin ba zai ɗauka tunda ba a Kano ake harbin ba, ba abin da ya taɓa mu. Ya taɓa mu ƙwarai. Kaya sun yi tsada, kasuwa ta yi sanyi, samari suna ta shiga soja, kowane gida kunne na kan rediyo. Garba ya shiga, ya bar Yaya da 'ya'ya mata uku. Da farko yana aiko abin da ya samu. Can ya zo gida sau ɗaya, da zazzaɓi a jikinsa da rauni a ƙafa, ya yi 'yan kwanaki a kwance a ɗaki bai ko leƙa zaure ba, ya koma da sassafe. Ni na ci tuwo da shi, na rage masa wandon kaki da ya yi masa yawa saboda rama. Ban da ni da mutanen gidan, ba wanda ya gan shi. Yayansa, Malam Ilu, yana ƙauye sayen hatsi a lokacin, ya dawo ya ji an ce Garba ya zo ya tafi bai jira shi ba. Ya ce shi bai yarda ba, ƙaninsa ba zai shigo Kano ya fita bai gaishe shi ba.

Daga wannan tafiya ba mu sake jin ɗuriyar Garba ba. Ba aike, ba labari, ba wanda ya ce ya ga gawarsa. Yaya ta fara sayar da tumaki don ciyar da yara. Mazan suka fara tafiya, sannan 'yan matan, don su ne mahauta ke so, ba mai sayen tsohuwa. Kafin a ankara turakunta sun zama wayam, saura tsohuwar uwar ragon, wadda ta riga ta daina haihuwa, da shi ragon. Duk wahalar da ta yi tun daga tunkiyar Inna ta taru a jikin dabba ɗaya. Shirinta shi ne idan abubuwa suka lafa ta sayi tumaki ko na banza ne, ragon zai gyara mata irinsu.

A cikin wannan hali ciki ya bayyana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mata suka fara lissafi da yatsu a gidajen biki, mijin yana bakin daga, ciki daga ina? Na ce na gan shi da idona, aka ce ai ɗan'uwa ba ya shaida. Wallahi har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci. Matar da ko zaure ba ta fitowa sai da lulluɓi, ita ake yi wa wannan ƙazafi, a unguwar da aka san ta tun tana amarya.

Matasa masu karanta wannan, bari in yi muku bayani, don yanzu an fara sakaci da abin. A wurinmu ragon suna daga wajen uba yake fitowa. Shi ne shaidar cewa uba da danginsa sun karɓi ɗa. Shi ya sa babu zagin da ya kai a ce wa mutum ba a yanka masa rago ba. Idan uba ba ya nan, yayansa ko mahaifinsa ke kawowa. Na wanke ƙafa na tafi Ƙofar Dawanau wajen Malam Ilu, na durƙusa na gaishe shi, na ce haihuwa ta matso. Yana jan carbi ya ce shi ba ya zargin kowa, amma ba zai kai rago a kan abin da bai tabbatar ba. Ya ƙara da cewa ragon ƙaninsa da ke Gwammaja ma ya kamata a dawo da shi gidansu, a ajiye har a ji labari. Allah ne ya riƙe ni ranar, na tashi na fito.

Na dawo na gaya wa Yaya. Na ce kada ta damu, zan jinginar da kekena in sayo rago, a yi suna, kowa ya kama gabansa. Tana tsince wake, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Idan ragon kawu aka yanka, me ka gaya wa gari? Ka ce musu dangin uba sun ƙi." Na ce to sai yaya? Ta ce, "Garba yana da rago. Kowa ya san nasa ne, har yara." Na ce, "Yaya, shi kaɗai ya rage miki." Ta ce ta fi ni sani.

Abin da ta yi bayan nan shi ne ya fi ba ni mamaki. Matar da ta hana aro shekara da shekaru, sai ta aika gida-gida cewa duk mai tunkiyar da ke neman rago ta kawo, kyauta. A watannin ƙarshe na cikin nan tsakar gidanta ta koma kamar kara, kasuwar dabbobi. Har matan da suka fi kowa yawo da maganarta sun aiko da nasu, ba kunya ba tsoron Allah, ita kuma ba ta mayar da ko ɗaya ba. Tana zaune da ƙaton ciki tana duba haƙoran tunkiya, tana tambayar uwarta, tana cewa idan an samu mace kada a sayar. Na ce mata wannan wace irin sadaka ce ga maƙiya? Ta ce ba sadaka ba ce, manomin da rumbunsa zai ƙone gara ya watsa irin a gonar maƙwabta.

Ta haifi namiji. Ranar suna bayan sallar asuba zaure ya cika har waje, don da yawa ba goro ya kawo su ba, sun zo ne su ga yadda za a ƙare. Malam Ilu ya zo, ya zauna a gefe, fuska a ɗaure. Ni na jawo ragon. Ya cika, gezarsa har ƙirji, ƙahon ya yi naɗi biyu, yana tafe yana taƙama bai san komai ba. Limamin unguwarmu dattijo ne mai hikima, Allah Ya jiƙansa. Bai yi wa'azi ba, bai yi dogon zance ba. Ya dubi Malam Ilu ya ce, "Malam, ragon nan na wane ne?" Ya ce, "Na ƙanina ne." Liman ya ce, "To mai shi ba ya nan, kai ne a madadinsa. A yanka wa ɗansa?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan Malam Ilu ya ce a'a, zai ja ragon ya tafi da shi, shari'a ba za ta hana shi ba, yaron kuma ya tashi da tabon da ba ya wankuwa. Ban san abin da ya shiga zuciyarsa ba, kuma ba zan ƙirƙira ba. Ko kunyar idon jama'a ce, ko ya tuna wace ce Hansai da abin da ragon nan yake a wurinta, ya ga ba macen da za ta ba da shi a kan ƙarya. Ya dai sunkuyar da kai ya ce a yanka. Da Liman ya matso ya tambayi suna, sai Malam Ilu ya ce Haruna, sunan mahaifinsu. Shi ya sa muke kiran yaron Abba.

Ni na riƙe ƙafafun. Aka feɗe, ungozoma ta ɗauki nata, wanzami ya ɗauki nasa, aka soya saura aka rarraba. Matata ta ce da aka kai wa Yaya nata kason a ɗaki, ta karɓa ta ci, don mai jego ba ta ƙin naman suna a gaban mata. Sai da ɗaki ya watse ta juya bango ta yi kukanta. Ni ban taɓa ganin hawayenta ba, ko ranar da aka ce yaƙi ya ƙare sojoji suna dawowa, muka yi ta zuwa tasha har muka gaji, Garba bai sauko ba.

Bayan 'yan watanni tumakin unguwa suka fara haihuwa, akasari tilo-tilo. Sai ga masu baki sun dawo, ina tagwayen da ake ta kuri da su? Yaya ta ce su yi haƙuri, rago ba ya sa tunkiyar wani ta yi tagwaye, abin yana jikin 'ya'yansa mata, sai sun girma sun haihu za a gani. Girman jiki kuwa ba a jira shi ba, tun ana shayarwa aka ga 'ya'yansa sun fi na kowa ƙashi da saurin tasowa. Ta sha gaya mini cewa girma yana bin jini kai tsaye, ka ga uba ka ga ɗa. Haihuwa ita ce mai wuyar sha'ani, tana bin jini amma da jan ƙafa, kuma tana bin ciki: tunkiyar da ta fito daga gidan tagwaye, idan ta sha yunwa, tilo za ta ba ka ko ta ɓarar. Haka kuwa aka gani. Gidajen da suka riƙe 'yan matan suka ciyar da su sun ga tagwaye, ba duka ba, amma fiye da da. Waɗanda suka ga girma suka ruga kasuwa, su suka sani. Mazan kuwa, sai dai ku yi mini uzuri, duk mai kyau a cikinsu an ɗaure shi an yi Layya da shi, kamar yadda muka saba.

Ba zan yi muku ƙarya in ce ta mayar da abin da ta rasa ba. Ta sayi 'ya'yan ragon mata guda biyu daga maƙwabta, ta sake farawa. Sai fari ya biyo bayan yaƙi, harawa ta fi ƙarfin talaka, ɗaya ta mutu. Ta ci gaba da kiwo har ƙarfinta ya ƙare, ta aurar da 'yan matanta da shi, ta yi wa Abba makaranta da shi, ta je Hajji da shi. Amma ta ce mini ba ta sake samun rago kamar wancan ba, kuma ta san ba za ta samu ba, don irin wannan zaɓen yana son shekarun da ba ta da su. Ba da kuka ta faɗa ba, tana ba tumaki ruwa ta faɗa, ta wuce.

Da za ta leƙo Gwammaja yau, ina jin abin da zai fara ba ta haushi shi ne rashin wuri. An cike filaye, tsakar gida ta zama ɗakin haya, ba makiyayin da ke bi ƙofa-ƙofa da safe. Kiwon ma ya koma na gaggawa, a sayo ƙato daga nesa, a ɗura masa abinci da allurai, a sayar kafin Sallah. Ana ta gauraya 'yan ƙasa da manyan iri don a samu tsayi, ba mai tambayar ko jikokin za su jure abin da kakanninsu suka jure. Na ji an ce a jami'o'i akwai masu binciken abin da tumakinmu ke gada da wanda ba sa gada. Na tabbata da ta ji daɗin wannan, da ta so ta zauna da su ta ji abin da suka gano, ta kuma yi musu gardama inda ba ta yarda ba, don Yaya ba ta barin gardama ta wuce ta.

To me ya rage nata? Jinin ragon nan, idan yana nan, ya narke cikin tumakin birni, ba wanda zai iya nuna maka shi. Gidan an raba gado an sayar. Malam Ilu ya rasu tuntuni, kuma gaskiya ya riƙe Abba riƙon ɗa, shi ya yi masa waliccin neman aure. Matan da suka yi lissafi da yatsu duk sun bi ta, Allah Ya yafe mana da su.

Abba yana nan, ya yi furfura, yana da jikoki, yana sayar da hatsi a rumfar da ya gada daga dangin ubansa. Bai taɓa ganin Garba ba, ko hoto ba mu da shi. Ya yi faɗan yarinta a lungunan Gwammaja, ya yi rigimar kasuwa, ya nemi aure a gidan da ake tone asali har kaka da kakanni. An zage shi da abubuwa da yawa kamar kowa. Amma tun daga ranar da aka raɗa masa suna har yau, ba a taɓa samun mutum ɗaya da ya tambaye shi wane ne ubansa ba. Allah Ya jiƙan Yaya Hansai, Ya sa ta huta.